Ma'aikatanmu sun koma hawa keke: me ya kamata asibiti ya tanadar musu?

Sakataren_Asibiti:
Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Ina neman shawararku a kan wani aiki da shugaban asibitinmu ya ɗora mini. Ni ne sakataren wani asibiti mai matsakaicin girma a cikin birnin Kano, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, nake ganin kekuna suna ƙaruwa a harabarmu. Da can masu shara da masinjoji ne kawai suke zuwa da keke. Yanzu akwai ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da mai ba da kati, da nas-nas maza uku waɗanda suka jingine baburansu a gida. Ranar Litinin na zagaya na ƙirga kekuna 19, kuma babu ko ɗaya da yake a wurin da aka tanada dominsa, saboda babu irin wannan wurin. Wasu an ɗaure su a jikin darbejiya, wasu a bayan ɗakin janareta, biyu kuma a jikin ƙarfen barandar da ake turo gadon marasa lafiya ta kanta, abin da metiron, wato shugabar nas-nas, ta kawo ƙara a kai. A watan jiya an sace guda ɗaya. Shugaba ya ce in rubuto masa abin da za a iya yi da ɗan kuɗin da ba zai taɓa kasafin magani ba. Wanda ya ga yadda ake yi a wani wuri, ko shi kansa yake hawa, don Allah ya faɗa mini ta ina zan fara.

Mai_Gwaji:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ni daga Rijiyar Zaki nake tuƙo keke zuwa wurin aiki kullum, saboda haka zan faɗi abin da ke damuna kai tsaye. Ranar Maris da Afrilu idan ta wuni a kan keke daga safe zuwa yamma, sirdi yakan tsage, taya ta bushe, tiyub ɗin da aka yi wa faci kuma ya saki, sai ka tashi daga aiki ka tarar da turawa za ka yi har wurin mai faci. Rumfar kwano ta wadatar. Sai dai rumfa ba tare da ƙarfen da za a ɗaure gangar jikin keken ba, taimakon ɓarawo ce kawai, domin an tara masa kayan a wuri ɗaya, a inuwa. A kafa ƙarfe mai kauri a cikin siminti, yadda sarƙa za ta zagaye jikin keken da tayar baya a lokaci guda. Kuma don girman Allah kada a kai rumfar bayan asibiti kusa da inda ake ƙona shara, da sunan wai a nan ne akwai fili. A sa ta inda idon mai gadi yake kaiwa.

Metiron_Mai_Ritaya:
Ɗana Sakatare, na goyi bayan wadda ta kawo maka ƙara a kan baranda, domin hanyar da gadon mara lafiya zai bi ba wurin jingine komai ba ce. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba wurin ajiya ba ne. Mutumin da ya tuƙo keke na rabin sa'a a cikin zafin Kano, ko a cikin ƙurar hunturu, a wane hali yake shiga ɗakin marasa lafiya? Idan da fararen kayan aiki ya taso daga gida, to ya kwaso ƙurar titi ya kawo wa mai rauni a buɗe, idan kuma da su zai koma, ya kai wa iyalinsa abin da ya kwasa a wurinmu. A shekarun da na yi ina aiki ban yarda nas ta shigo da yunifom daga waje ba, ko a mota ta zo. Saboda haka ka rubuta wa shugabanka cewa ana bukatar ɗakin sauya kaya mai ƙofa da sakata, da makewayin da ruwa yake zuwa, da ƙaramin kabad mai makulli ga kowane mutum, inda zai bar kayan aikinsa da takalminsa. Wannan ba gata ba ne da za a yi wa masu keke, ka'idar kare kamuwa da cuta ce wadda tun farko ya kamata a ce akwai ta.

Likitan_Gaggawa:
Ina neman afuwa, amma ni ban gamsu da cewa asibiti ya kamata ya ƙarfafa wa ma'aikatansa gwiwar hawa keke ba. A sashen gaggawa nake aiki, kuma na san irin raunin da mai keke yake zuwa da shi idan babbar mota ko A Daidaita Sahu ta goge shi. Titunanmu ba a yi su da tunanin mai keke ba. Gadojin sama da na ƙasa da aka gina a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Ɗangi sun sa mota ta ƙara gudu, mai keke kuma ba shi da layinsa. Ko marigayi Ojo Maduekwe, lokacin da yake ministan sufuri a zamanin Obasanjo yana kiran mutane su koma keke, sai da motar bas ta jefa shi cikin rami a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. Idan minista bai tsira daga faɗuwa ba, ina ga mai shara da zai fito daga Kurna da asuba? Kuɗin rumfar nan gara a haɗa shi a nemi motar da za ta riƙa kwaso ma'aikata.

Baban_Sadiq:
Ranka ya daɗe Likita, maganarka gaskiya ce game da titi, amma ka duba tambayar da aka yi. Malam Sakatare bai ce zai fita ya yi wa'azin keke ba. Mutum 19 sun riga sun zo da kekunansu, kuma gobe ma za su zo, ko an yi rumfa ko ba a yi ba, domin kuɗin mota ya fi ƙarfin albashinsu. Ƙin yi musu tanadi ba zai rage hatsarin titi ko kaɗan ba, sai dai ya ƙara musu hatsarin sata. Ita kuma motar ma'aikata da wane man za ta yi tafiya, kuma wa zai ɗauki nauyinsa duk wata?

Nas_A_Ingila:
Gaisuwa ga iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure. Ina aiki a wani asibitin gwamnati a Ingila, kuma zan faɗi abin da na gani, ba don a kwafa shi yadda yake ba. A nan akwai tsarin da gwamnati ta kawo tun 1999 mai suna Cycle to Work, inda wurin aikinka zai biya kuɗin keken, sannan a riƙa cire maka kaɗan-kaɗan daga albashi kafin a lissafa haraji, don haka keken yakan zo maka da sauƙi. Hukumar lafiya ta NHS kuma ta yi alkawari a 2020 cewa za ta kawar da hayaƙi mai ɗumama yanayi da take jawowa kai tsaye nan da 2040, wanda take jawowa a kaikaice kuma, har da zirga-zirgar ma'aikata, nan da 2045, shi ya sa asibitoci suke ɗaukar maganar da muhimmanci. A namu asibitin akwai kejin waya mai rufi wanda ba ya buɗuwa sai da katin shaidar aiki, akwai wurin wanka, akwai kuma famfon iska a ɗaure da sarƙa.

Ƙarfen da Malam Mai_Gwaji ya kwatanta shi ne ake amfani da shi a ko'ina a nan, ana kiransa da sunan garin Sheffield. Bututun ƙarfe ne kawai da aka lanƙwasa kamar harafin U a kife, aka dasa ƙafafunsa biyu a siminti, kowane ɗaya yana ɗaukar keke biyu. Duk mai walda a Kano zai iya yin sa. Wanda nake ba da shawarar a guje wa shi ne mai ramin da ake cusa tayar gaba a ciki, domin yana lanƙwasa taya, kuma ɓarawo yakan kwance tayar ya tafi da sauran keken.

Dan_Kwadago:
Sista, na gode da bayani, amma kada mutane su ɗauka kyauta ake rabawa a can, kuma kin bar wani ɓangare. Dokar ba ta yarda abin da ake cirewa ya mayar da albashin mutum ƙasa da mafi ƙarancin albashi ba, don haka wanda ya fi kowa bukatar keken, wato mai ƙaramin albashi, shi ne sau da yawa tsarin yake tsallakewa. Na kawo wannan ne domin kada mu maimaita irinsa. Idan asibitin Malam Sakatare zai ba da rancen keke, a fara daga masu shara da masu turo gado, ba daga sama ba.

Nas_A_Ingila:
Haka ne, Malam, gyaranka ya yi daidai. Na san abokan aiki masu taimaka wa nas-nas da aka ƙi karɓar takardarsu saboda wannan dalilin.

Akawun_Gama_Kai:
A kan batun rance ina da abin cewa, domin ni nake riƙe da littafin ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata a wurin aikinmu. Yadda muke sayo shinkafa da sukari da azumi mu raba a biya a hankali, haka muka yi da kekuna. Ƙungiya ce ta saya da kuɗinta a wurin dila, ta ɗora riba sananniya wadda kowa ya amince da ita tun farko, ta sayar wa mamba, ana cirewa daga albashi cikin wata goma, kuma ko biya ya yi jinkiri ba a ƙara ko kobo. Da haka muka kauce wa kuɗin ruwa, wanda da yawa daga cikin mutanenmu ba za su taɓa ba. Kuskuren da muka yi a zagayen farko shi ne mun biye wa ƙyalƙyali mun sayo kekuna masu giya da yawa, sai ga shi kayan gyaransu suna wahalar samu. A zagaye na biyu muka koma wa masu sauƙi irin Phoenix, waɗanda kowane mai gyara a bakin titi ya san cikinsu. Mun kuma sa fitila da kwado mai kyau a cikin kuɗin, ba mu bar wa mutum ya ce zai saya daga baya ba.

Dokta_Zuciya:
Ina so in koma kan maganar abokin aikina na sashen gaggawa, domin shi yana ganin waɗanda titi ya kawo masa, ni kuma ina ganin waɗanda zama ya kawo mini. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a cikin ma'aikatan lafiya su kansu, mu da muke gaya wa marasa lafiya su motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma wanda yake tuƙa keke na minti 20 zuwa, minti 20 dawowa, kwana biyar, ya cika wannan ba tare da ya ware wani lokaci ba. Akwai binciken Jami'ar Glasgow da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2017, wanda ya bi mutum sama da 260,000 na kimanin shekara biyar, ya samu cewa haɗarin mutuwa a tsakanin masu zuwa aiki da keke ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100 idan aka kwatanta da masu zuwa a zaune cikin mota. Ba na cewa keken ne kaɗai ya jawo haka, domin irin wannan bincike alaƙa yake nunawa. Amma bai kamata a ajiye hatsari a kan sikeli a bar amfanin a ƙasa ba.

Likitan_Gaggawa:
Na san binciken, Dokta, amma a titunan Birtaniya aka yi shi, ba a Titin Zariya da magariba ba. Duk da haka na karɓi maganar Baban_Sadiq cewa mutanen sun riga sun hau. To, idan haka ne, sharaɗina shi ne duk abin da asibiti zai yi ya haɗa da fitila fara a gaba, ja a baya, da riga mai ƙyalli, da hular kwano. Masu aikin rana da suke tashi bayan isha su ne suka fi ba ni tsoro, domin yawancin kekunan da nake gani ko abin da zai haska idan fitilar mota ta dake shi ba su da shi. Kuma a riƙa duba birki. Mutum ya taho da birkin gaba kaɗai, na baya ya tsinke tun bara, yana cewa ya saba.

Ungozoma_Zazzau:
Na karanta duk abin da aka rubuta, ban ga inda aka tuna da mu ba. Mafi yawan ma'aikatan jinya da ungozomomi mata ne, kuma mu ma kuɗin A Daidaita Sahu yana cinye mana albashi, tun da dai a Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun farkon 2013. Amma wace matar aure ce za ta hau keke ta ratsa unguwa ba a bi ta da kallo da magana ba? Idan asibiti ya kashe kuɗi a kan rumfa da rance, kusan duka maza ne za su amfana. Ba na adawa da hakan, amma ina roƙon Malam Sakatare, idan za a gina ɗakin sauya kaya da makewayi, a gina biyu, kada a ce na masu keke ne a bar mu muna sauya kaya a bayan labulen ɗakin allura kamar yadda muke yi yanzu.

Majo_Maradi:
Barkanku da muhawara. Daga Maraɗi nake rubutu, kuma mu ma cire tallafin nan ya taɓa mu, domin man da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda muke kira ruwa-ruwa, ya daina araha. Ga Hajiya Ungozoma nake so in ce abin al'ada ne, kuma al'ada tana bambanta ko a tsakanin maƙwabta. Na yi wani horo a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda na ga mata manya da zanensu da goyonsu suna tuƙa keke zuwa kasuwa da wurin aiki, babu mai waiwayen su, kuma a manyan titunan garin an ware wa masu ƙafa biyu gefensu. Ban ce Kano ko Maraɗi za su zama haka gobe ba. Amma kekunan da suke hawa masu saukakken ƙarfen tsakiya ne, da murfin sarƙa yadda zane ba zai shiga ba, kuma idan ƙungiya za ta yi sayayya babu laifi a sa irin waɗannan guda biyu ko uku, ko da ɗalibai mata ne za su fara.

Tsohon_Masinja:
Ni ba mai ilimi ba ne kamar ku, ɗana ne yake rubuta mini. Shekara 31 na yi ina zuwa asibiti da keke Raleigh, tun lokacin da ake haɗa shi a Bompai, kuma a lokacin ƙuruciyata malamin asibiti da ya sayi sabon keke har zuwa ake yi a yi masa murna. Daga baya abin ya koma alamar talauci. Abin da ya fi ci mini rai ba rana ba ce, ba kuma ɓarawo ba. Mai gadi ne yake buɗe wa mai mota babbar ƙofa yana sara masa, ni kuma da furfurata ya ce in sauka in tura ta ƙaramar ƙofa, in kai can baya kada manyan baƙi su gani. Duk shekarun nan babu wanda ya tambaye mu me muke so, sai yanzu da masu farar riga suka fara hawa. Ban ce kada a yi ba, a yi, Allah ya ba da lada. Amma Malam Sakatare, kafin ka rubuta takardar nan, ka tara mutanen nan 19 ka tambaye su, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai_Gwaji:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da ƙofa har yau ana yi. Ranar da na fara zuwa da keke mai gadi bai gane ni ba, sai da na nuna masa kati.

Shugaban_Masu_Gadi:
Ranka ya daɗe Baba, a yi mana afuwa, umarnin da aka ba yaro shi yake bi, kuma idan aka sauya umarnin zai sauya. Game da sata kuwa, ba sai an jira kyamara ba. Yadda ake yi a wuraren ajiyar babura na kasuwa ya isa: lamba biyu iri ɗaya, ɗaya a rataye a keken, ɗaya a hannun mai shi, ba a fita da keke sai lambobin sun haɗu. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta a fili cewa ma'aikaci ba zai biya ko sisi ba, domin idan aka bar abin a buɗe, cikin wata ɗaya zai koma kuɗin shayi. Kuma a raba rumfar ma'aikata da ta masu zuwa dubiya, saboda a lokacin ziyara ne ake samun cunkoson da ɓarawo yake fakewa da shi. Da dare kuma ana bukatar fitila mai aiki da hasken rana a kan rumfar, wadda ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke.

Injiniyan_Ruwa:
Maganar Hajiya Metiron ita ce mafi tsada a cikin duk abin da aka lissafa, kada a raina ta. Gina makewayi abu ne mai sauƙi, sa ruwa ya riƙa zuwa kullum da ƙarfe bakwai na safe shi ne aikin. Idan asibitin yana da rijiyar burtsatse, a ja wa makewayin ƙaramin tanki nasa, kada ya dogara da layin ɗakin haihuwa, domin ranar da ruwa ya yi ƙaranci an san wanda za a fara rufe wa. A kuma yi magudana mai kyau, in ba haka ba an gina wa sauro gida a cikin asibiti.

Sakataren_Asibiti:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Baba, jiya bayan azahar na tara su, mutum 14 suka samu zuwa. Abin da ban zata ba shi ne ba rumfa suka fara ambata ba. Masu shara sun ce babbar matsalarsu damina ce: idan ruwa ya tare su a hanya suka makara da minti 15, ana ja musu jan layi a rajista daidai da wanda ya kwanta barci, kuma babu inda za su shanya rigar da ta jiƙe. Na biyu suka ce famfon iska da 'yan kayan faci a ɗakin mai gadi. Rumfa ta zo ta uku. Na riga na yi magana da mai walda a kan ƙarafa goma irin waɗanda Sista ta kwatanta, kuma shugaba ya amince a ɗauki gurbin mota biyu a kusa da ƙofa, ko da yake ɗaya daga cikin manyan likitocinmu bai ji daɗi ba, domin a nan yake ajiye tasa. Ɗakin sauya kaya kuwa, na rubuta biyu kamar yadda Hajiya Ungozoma ta nema, amma an ce sai kasafin baɗi. Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne maganar makara. Idan na sassauta wa masu keke ranar ruwa, masu jiran A Daidaita Sahu za su ce su ma ruwan ya tare su.

Metiron_Mai_Ritaya:
Kuma gaskiyarsu ce, ɗana. Sassaucin ya zama na ruwan sama ne ga kowa, ba na keke ba. Amma ga masu karɓar aiki a ɗakin marasa lafiya ban yarda da shi ba ko na minti biyar, domin wadda ta kwana tana aiki ba za ta tafi ba sai an karɓe ta, kuma ita ma tana da 'ya'yan da za ta shirya zuwa makaranta. A saya musu rigar ruwa su fito da wuri.

Dan_Kwadago:
Hajiya, rigar ruwa ba ta hana kwata cika ta shafe titi a watan Agusta. Ni ina ganin a bar wa shugaban kowane sashe ya duba, amma a rubuta ka'idar, kada ta zama sai wanda ake so. Malam Sakatare, shi likitan da aka ɗauke wa gurbi, an nuna masa inda zai koma, ko an bar shi ya gano da kansa ranar Litinin?